Bindigar da Mijin Yayata Ya Fi So

Daga Allah muke, gare Shi muke komawa, mijin yayata kuwa ya riga mu tafiya. Ya cika da hantsi a asibitin Malumfashi, yana cikin hankalinsa har ƙarshe. Waɗanda suke kansa sun ce maganar duniya ta ƙarshe da ya yi, kafin bakinsa ya koma ga kalmar shahada, faɗa ne ya yi wa ma'aikaciyar jinya. Ta shigo da allura, tana magana tana nuna mutane da ita, sai ya ce, "Yarinya, sunkuyar da bakin abin nan ƙasa." Da aka ba ni labari a ƙofar asibiti dariya ta ƙwace mini, ga hawaye ga dariya, mutane suna kallona kamar wanda ya taɓu. Wanda ya san Alhaji ya san dalili.

Mun yi zaman makoki a ƙofar gidansa, a ƙauyenmu na kan hanyar Dayi. Ni aka zaunar kusa da liman ina karɓar gaisuwa, don manyan duk sun ƙare, girma ya faɗo kan wanda bai shirya masa ba. Mafarauta sun zo daga wajen Maska a kan babura, ba wanda ya rataya ko gora. Babbansu, wani tsoho da yatsa biyu kaɗai suka rage masa a hannun hagu, ya durƙusa ya ce, "Ya muka ji da haƙuri? Mun baro bindigoginmu a gida, Malam. Ko yana kwance cikin ƙasa ba zan zo ƙofarsa da abu a ɗane ba."

Akwai wani Bayarabe mai gyaran keken ɗinki, haifaffen Funtua, wanda Hausarsa ta fi tawa tsabta. Shi yake goge wa Alhaji ƙananan ƙarafan cikin bindiga in sun gaji. Ya zauna a gefen tabarma yana kuka ba ya ɓoyewa. Ya ce, "Zai kawo mini ƙarfe ɗan mitsitsi kamar ƙwayar shinkafa, in ɓata wuni a kansa, ya duba ya ce ban iya ba. Gobe kuma ga shi ya dawo da wani, da ƙullin gyaɗa a hannu."

Na shiga ciki wurin Yaya, ta fara takaba, mata sun kewaye ta. Ta ɗago ta ce, "Kai ne? To, yanzu kam man keken ɗinkina zai huta da sata." Ta yi kamar za ta yi dariya, sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

Da na dawo waje ne na ji abin da ya sa na ɗauki biro. Wasu mutum biyu a bayana suna magana ƙasa-ƙasa. Ɗaya ya ce, "Mutumin kirki, ba shi da abokin faɗa. Sai dai rowar bindiga." Ɗayan ya ce, "Ai har ya gwammace ya fasa wadda ya fi so da ya ara wa yaron da ya riƙa." Na so in juya, amma zaman makoki ba wurin gardama ba ne. Karatuna bai wuce yaƙi da jahilci ba, rubutuna kuma kamar kaza ta bi ta cikin laka, amma ina wurin ranar da aka fasa bindigar nan, kuma yaron da suke magana ɗana ne na cikina. Bari in faɗi yadda aka yi, amma sai na fara gaya muku wane ne mutumin.

Yana saurayi yana awon auduga a Funtua, wani Baturen gidan gurzar auduga da zai koma ƙasarsu ya bar masa bindiga mai baki biyu. Daga nan ciwon ya kama shi. In ya ji labarin wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ya mutu ya bar irinta tana tsatsa a ƙarƙashin gado, sai ya hau keke, daga baya babur, ya je ya yi ta lallashin magada. A haka ya cika bangon ɗaki guda. Kowace da takardarta ta hukuma, yana zuwa ofishin 'yan sanda ana sabuntawa har sun saba da shi. Kowace kuma da rigarta, Yaya ce take ɗinka musu da ragowar atamfa, saboda zanzaro. Kun san zanzaro, in ya ga rami sai ya gina gidan laka a ciki, kuma bai ga ramin da ya kai bakin bindiga daɗi ba. Mutanenmu sukan toshe bakin da tsumma don su hana shi, ranar harbi kuma su manta da tsumman. Tsohon nan na Maska haka ya rasa yatsunsa.

Shi ya sa Alhaji ba ya karɓar bindiga daga hannun kowa sai ya karya ta. Mai baki biyu a tsakiya take buɗewa, shi yake kira karyawa. Zai ɗaga ta sama ya leƙa bakin dama, ya leƙa na hagu, sai ya ga hasken rana ta ciki sannan ya yarda. In ka ce masa, "Ai babu komai a ciki," sai ya ce, "Ka leƙa, ko gaya maka ta yi?" In za mu tsallake rafi ya karya ta. In za mu tsallake shinge ya karya ta. In ya hango mutum a gona can nesa kamar ƙuda, ya karya ta ya rataya a gwiwar hannu. Na taɓa ce masa, "Alhaji, kafin ka gama karye-karyen nan ai zabin sun kai Kano." Ya ce, "Su je, suna da 'yan uwa a can."

Yana da wata ɗabi'a kuma. Yakan zare bakunan daga jikin icen, ya rataye su da zare, ya ɗan ƙwanƙwasa da farce, ya kara kunne. In suka yi ƙara mai tsawo kamar ƙararrawar makaranta, lafiya. In suka yi kwaf kamar tsohon kwano, sai ya ce wannan ta yi ritaya. Ya cire 'yar ƙusar da take dukan harsashi, ya mayar da bindigar bango, ana shafa mata mai ana kallo, ba a sake tambayarta aiki ba.

Sau ɗaya na ga ya kori baƙo. Wani attajiri ne daga cikin gari, ya zo da mota ganin bindigogi, Yaya har ta yanka masa kaza. Baƙon ya ɗauki ɗaya daga bango ya saita ni, yana dariya yana cewa, "Ɗaga hannu!" Alhaji ya taso ya danne bakin ƙasa, ya zare ta daga hannunsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, bari in taka maka zuwa mota." Mutumin ya ce, "Haba, wasa nake, ai babu harsashi." Ya ce, "Na san babu, ni na cire. Kai ne ba ka sani ba." Ya raka shi har mota, ya rufe masa ƙofa da hannunsa. Da ya dawo na ce, "Ashe haka kake ji da raina?" Ya ce, "Wane ranka? Bangon da ke bayanka jiya na yi masa shafe." Mu muka cinye kazar.

Tsakanina da shi wasa ne, irin na mutum da mijin yayarsa, kuma bai taɓa raga mini ba. Sarkin Baka yake kirana, sarautar shugaban mafarauta, saboda tun da nake bin sa daji bayan kaka, har gemuna ya yi fari, ban taɓa harbin abu na samu ba. Na harbi suri. Na harbi gajimare. Wata rana makwarwa ta tashi daga ƙarƙashin ƙafata, na saki wuta, ta koma kan reshe ta zauna tana kallona. In za mu dawo sai ya zaro zabo ɗaya daga jakarsa ya ce, "Riƙe, kada matarka ta raina ka." In shiga gida ina taƙama, a yi miya a yaba mini. Washegari a majalisa kuma shi da bakinsa zai ba da labarin wanda ya harbe shi.

Cikin bindigogin akwai wadda yake kira Tsohuwa, don ta girme shi, ta girmi mahaifinsa. Tana da kunnuwa biyu a baya waɗanda ake ɗanawa da babban yatsa, bakunanta dogaye, ƙarfen yana da zane a jiki kamar saƙar tabarma. Ita kaɗai ba ta kwana a bango, akwati gare ta. Sau ɗaya a shekara yake harba ta, in an gama kai dawa gida. Shi yake ɗura mata harsashinta da hannunsa, baƙin albarushi irin na da, ɗan kaɗan, yana aunawa kamar mai haɗa wa jariri magani. In ya harba, hayaƙi ya turnuƙe, ya tsaya a ciki yana tari yana murmushi kamar an yi masa albishir. Kuma bai taɓa kuskure da ita ba, har mutane suka fara cewa akwai asiri a jikinta.

Yanzu sai maganar yaron. Ɗana ne na fari. Da aka yaye shi Yaya ta ɗauke shi, ita da Alhaji suka riƙe shi, suka yi masa kaciya, suka yi masa aure. Alhaji yake kira Baba, ni kuwa Kawu. Mu mutanen da ne, muna kunyar ɗan fari. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa cin abinci kwano ɗaya da shi ba. In mun haɗu a hanya ya durƙusa ya gaishe ni kansa a ƙasa, in amsa ina kallon wani wuri, kowa ya wuce. Yana ƙarami ya yi ƙyanda mai tsanani, na wuni ina zagaya bayan gidan Alhaji ina cewa akuyata nake nema. Haka aka yi mana tarbiyya, yaran yanzu su yi dariya in sun ga dama.

Sai shekarun nan suka zo da tsaro ya lalace, noma ya koma da kallon baya. Samarin ƙauye da magidanta suka haɗa sintiri da sanin dagaci, yaron nan yana cikinsu, lokacin yana da mata da 'ya'ya da gonar waken suya. Wata rana ina zaune a zauren Alhaji ya shigo da kwali a hannu, ya gaishe mu, ya durƙusa.

"Baba, Tsohuwa nake so."

"Ga ta can a akwati, je ka gaishe ta."

"Aronta za ka ba ni. Har na sayo mata harsashi a Funtua." Ya buɗe kwalin, ga su jajaye, na roba, suna ƙyalli.

Alhaji ya ɗauki ɗaya ya juya ya mayar. Ya ce, "Wannan ba abincinta ba ne."

"Baba, ƙarfen da ne fa. Kekenka na da har yau yana ɗaukar buhu, na yanzu ko iska ce ta buge shi sai ya lanƙwashe. Dubi kwanon rufin zauren nan. Dubi garmar da ka gada."

"Duk gaskiya ka faɗa. Amma keke ba ya cin wuta. Lokacin da aka ƙera ta, albarushi tura harsashi yake yi a hankali, kamar shanun huɗa. Na yanzu mari yake yi. Zanen nan da kake gani yana burge ka, siraran ƙarafa ne aka murɗa aka naɗe aka daka suka haɗe. Tsatsa tana shiga tsakaninsu inda ido ba ya kaiwa. Ka ɗauki baƙar can ta ƙarshe, ƙarfenta guda ne, don irin wannan harsashin aka yi ta."

Yaron ya kalli baƙar ya ce, "Wannan mai kama da bututun famfo?" Ya rufe kwalinsa ya fita, ko sallama bai yi da kyau ba.

Kafin magariba ƙauye ya ɗauka. Kowa yana bayan yaron, don mu a nan ba a yi mana gardama a kan ƙarfen da. Tukunyar da, fitilar da, keken ɗinkin da, duk mun gwada mun gani. Ni kaina a majalisa na gyaɗa kai, na ce yaron Alhaji yana da hujja. Amma ina komawa gida sai hannun tsohon nan na Maska ya riƙa zuwa mini a ido, yadda yake riƙe kofin shayi da yatsa biyu.

Ranar Laraba Yaya ta aiko in zo. Ta ja ni bayan rumbu ta ce, "Ɗanka..."

Na ce, "Ɗanki."

"To, ɗana. Ya gaya wa matarsa ranar Juma'a in Alhaji ya tafi masallaci zai ɗauki Tsohuwa. Ya san inda makulli yake, shi yake share ɗakin tun yana ƙarami. Ka yi masa magana."

"Ni? In ce masa me?"

"Ka ce masa kana tsoron kada ta fashe a hannunsa, mana! Ba kai ka haife shi ba?"

Ni da nake iya zolayar liman a kan mumbari, ni da ba a gama magana a majalisa ban sa baki ba, wannan kalma ɗaya ta fi ƙarfina. Ko na faɗa, ta yaya zai ji? Zai sunkuyar da kai ya ce to Kawu, ya tafi ya yi abin da ya yi niyya. Yaya ta ce, "Bakinka kamar rediyo, ranar amfani kuma batir ya mutu." Ta shige ciki.

Na tarar da Alhaji a zaure yana goge wata bindiga. Ya zuba mini shayi. Na yi maganar taki. Na yi maganar ruwan sama. Na yi maganar wani jaki da ya ɓata a Dayi wanda ban ma san mai shi ba. Yana ta goge-gogensa. Can na ce, "Alhaji, yaron nan na gidanka."

"Wane yaro? Gidana cike yake da yara."

"Ka san wanda nake nufi."

"Ba shi da suna ne? Ranar sunansa ai ka ci naman rago har ka nemi ƙari."

Na ce, "Ka ɓoye Tsohuwa. Ka kai ta Funtua wurin mutuminka mai keken ɗinki, kafin Juma'a."

Ya ajiye tsumman. Ya ce, "Na san da maganar Juma'a. In na ɓoye wannan, akwai irinta a ƙarƙashin gadon wani a Maska, mai tsatsar da ta fi tata. Zai je ya aro, kuma can ba wanda zai hana shi. Muddin yana ganin ƙarfen da ba ya fashewa, ɓoyewa ba ta da amfani."

Na kai kofin baki, shayi ya zube a rigata. Ya gani sarai. Mutumin da ba ya barin ko tuntuɓena ya wuce bai yi mini waƙa a kai ba, ranar sai ya ƙyale ni. Ya ɗauke kai ya ce, "Tafi gida, Sarkin Baka. Gobe da safe ka zo mini da doguwar igiyar shanya, da saiwar rogo guda daga gonarka, mai kaurin hannun mutum."

Da safe ya aika aka kira 'yan sintiri duka zuwa kwazazzabon bayan gari. Ya sa aka kore awaki, aka mayar da yara gida, ya tsayar da mutum a kan hanyar rafi kada wani ya ratso. An gangaro da tsohuwar tayar tarakta. Ya fito da Tsohuwa daga rigarta, ya karya ta, ya leƙa dama ya leƙa hagu kamar kullum, sannan ya ɗaure ta tam a jikin tayar, bakinta yana kallon gangaren ƙasa. Ya karɓi rogon ya ɗaure shi a ƙarƙashin bakunan, daidai inda mai harbi yake tallafewa da hagu. Ya kalli yaron ya ce, "Wannan hannunka ne. Kawo kwalinka."

Ya sa jajayen harsasan, ya ɗana kunne, ya ƙulla igiyar a kunamar bindiga, ya ja ta har bayan tudu. Duk muka kwanta a nan, manya da gemunanmu, ciki a ƙasa. Ya ce bismillah ya ja.

Ta yi ƙara, ba hayaƙi. Ya hana kowa tashi sai da aka jima, sannan muka je. Tsohuwa lafiya lau, rogo lafiya lau. Samari suka ɗauki ihu, "Ƙarfen da! Ƙarfen da!" Yaron yana murmushi yana sosa ƙeya, ya ce, "Baba, ka gani?" Na ce shi ke nan, yau zai tafi da ita.

Alhaji ya ce, "Harbi ɗaya ake yi a sintiri? Ku koma."

Aka sake, ba abin da ya faru. Aka kuma sakewa. Samarin suka fara gajiya da kwanciya, wani ya ce, "Baba Alhaji, harsashin nan fa ba a gona ake tsinko shi ba." Wani ya ce rogon ma ya fara jin daɗin wurin. Ina kusa da Alhaji, na ga gumi yana bin wuyansa, leɓɓansa suna motsi. Na ɗauka roƙo yake Allah ya tsare masa kayarsa, har raina ya ɗan sosu.

Da ya sake ɗurawa ya dawo bayan tudu, sai ya miƙo mini igiyar. Ya ce, "Ja, Sarkin Baka. Ba ka taɓa samun komai ba, ko yau Allah zai ba ka."

Na rufe ido na ja. Ƙarar ba irin ta ɗazu ba ce, kamar an yage kwanon rufi da ƙarfi, wani abu ya wuce ta saman kawunanmu yana fito. Ba wanda ya yi ihu. Da muka isa, bakin hagu ya tsage ya buɗe, siraran ƙarafan sun warware sun miƙe kamar ɓawon rake. Rogo kuwa babu shi. Sai fari-fari a jikin taya, da igiyar da aka ɗaure shi da ita tana lilo. Abu ɗaya ke nan da na taɓa harbi na samu a duniya, shi ma rogon gonata ne.

Yaron ya tsuguna ya tsinci ɗan guntun rogo, ya daɗe yana kallo. Ya dubi hannunsa na hagu, ya cusa shi cikin aljihu kamar wani zai ƙwace. Ya je gaban Alhaji ya durƙusa ya ce, "Baba..."

Alhaji ya ce, "Tashi. Je ka ɗauko bututun famfon."

Ita ma sai da ya ɗaure ta a taya ya gwada ta da igiya a gaban kowa, ya leƙa ta, ya ƙwanƙwasa ya saurara. Daga baya ya ɗauki yaron suka je wurin dagaci da ofishin 'yan sanda aka gyara takarda, sannan ya damƙa masa. Abin da ya biyo baya a shekarun nan ba nawa ba ne in faɗa. Allah dai ya tsare, ya kuma jiƙan waɗanda muka rasa.

Da mutane suka watse ranar, na waiga na ga Alhaji a durƙushe, tsoho da ciwon gwiwa, yana tsince gutsattsarin ƙarfe daga cikin ƙasa yana zubawa a hularsa. Na durƙusa ina taya shi. Na ce, "Na ga bakinka yana motsi ɗazu. Roƙo kake kada ta fashe?"

Ya ce, "Roƙo nake ta fashe. Tun kafin a haifi yaron nan nake roƙon Allah kada komai ya same ta, yau kuma na ce ya taimake ni ya manta da wancan roƙon."

"Ashe ba ka tabbata za ta fashe ba?"

"Wa ya tabbata? Wata takan yi shekara tana cin irin wannan harsashin, sai ranar da mai ita ya saki jiki."

"Da ba ta fashe ba fa?"

"Da mun wuni a nan har kwalin ya ƙare, in aika Funtua a ƙaro."

Ya ɗauki wani guntu mai zanen nan na tabarma, ya goge shi da babban yatsa, ya daɗe bai sa shi a hula ba. Na ce, "Alhaji, na..."

Ya ce, "Ka me? Ina ruwanka a ciki? Ɗana ne. Kai haihuwa kawai ka yi, ko bunsuru ya iya wannan. Tashi ka ɗauki igiyar matarka kafin ta zo nemanta."

Kakar shekarar aka kai dawa gida, ba a ji ƙarar Tsohuwa ba, ba a ga hayaƙi ba. Ya ci gaba da fita daji da sauran, yana karya su a kowane rafi, yana ba ni zabo yana tona mini asiri. Bai taɓa ambatonta ba, ko sau ɗaya, kuma bai taɓa yi wa yaron gori ba. Waɗanda ba su je kwazazzabo ba sun ji rabin labari, an ce Alhaji ya fasa bindiga don kada ya ba da aro, shi kuwa ba mai bin majalisa yana wanke kansa ba ne. Ni ne mai bakin, kuma in na ba da labarin dole in ce ɗana, shi ya sa na yi ta haɗiye shi. Yau na ce, ga shi a rubuce, wanda zai yi dariya ya yi.

Ranar da muka kai shi makwanci, da aka ce wa zai shiga ya karɓe shi, yaron ne ya cire takalmi ya sauka. Mu muna sama muna miƙawa. Na ga hannun hagun nan ya shiga ƙarƙashin kan Alhaji ya tallafe, da yatsunsa cikakku, ya kwantar da shi a hankali ya fuskantar da shi alƙibla, ya gyara masa likkafani a kafaɗa. Da aka gama jera itace zai fito, ya ɗago yana neman wanda zai ja shi, ni ne a bakin ramin. Ya yi turus, sannan ya miƙo mini dama kamar yadda tarbiyya ta ce. Na ƙyale ta na kama hagun. Na jawo shi waje, kuma ban saki ba, a gaban liman da dagaci da duk mutanen gari, har sai da aka fara zuba ƙasa.

Allah ya jiƙan mijin yayata, ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, ya haskaka masa kabarinsa. Ya ba Yaya haƙurin zaman ɗakin da babu shi. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, mu tarar da shi a inda ba a buƙatar sintiri.